Tabon Wuyana da Man Kaɗanyar Maman Ladi

Wata ranar Alhamis ce da hantsi, cikin daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka sallamo ni daga asibiti a cikin gari. Ina zaune a bayan tasi tsakanin Umma da Baba, wuyana manne da farin bandeji, ba na iya waiwaye sai in juya jikina gaba ɗaya. Muka ratsa cunkoson Nyanya, Baba yana ta roƙon direba ya kauce wa ramuka, har muka iso Karshi, inda gidanmu yake, an yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Tun daga bakin ƙofa na hango kakata Inna, mahaifiyar Baba, wadda ta taso takanas daga Katsina don jinyata. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, a gabanta ga faranti cike da kwalabe da ƙulle-ƙulle: zuma, man shanu, garin lalle, da wani baƙin gari da har yau ban san sunansa ba. Ko sannu ba ta gama yi mini ba ta ce, “Ku kwance mini abin nan in ga ɓarnar da suka yi wa takwarata.”

Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida yake kirana Walida. Abin da ya kai ni asibiti kuwa wani ɗan ƙulli ne da ya fito mini a ƙasan muƙamuƙi. Da farko kamar ƙwayar gyaɗa yake, ba ya ciwo, har wasa nake da shi a aji in malami yana bayani. Da ya kai girman dabino sai Baba, wanda direba ne a wata ma’aikatar gwamnati, ya kai ni aka duba, likita ya ce ba mugun abu ba ne amma gara a cire. Aka cire lafiya, aka ɗinke wurin. Abin da ya hana Umma sukuni shi ne tabon da zai biyo baya. Ƙanwarta tana da wani kumburarren tabo a kunne tun daga hujin ’yan kunne, ya yi tudu yana sheƙi, yana mata ƙaiƙayi, kuma an ce irin wannan fatar tana bin jini. Umma ba ta faɗa a gabana, amma ina ganin yadda take kallon wuyana in ta zaci hankalina yana wani wuri.

Kafin mu baro asibiti, wata nas mai fara’a da kowa ke kira Sista ta zaunar da Umma ta ja mata kunne. Kada a shafa komai a wurin sai an cire zare, fatar ta haɗe. A tsaftace shi yadda ta nuna, a bar shi a bushe. Kada in ɗauki kaya a ka, kada in yi ta yawo a rana. Da Umma ta isar wa Inna wannan saƙo cikin ladabi, tana durƙushe, sai Inna ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah! Ciwo a buɗe, magani a faranti, a ce a zuba musu ido suna kallon juna?” Umma ba ta yi musu da ita ba. Ta ce, “Inna, ai maganinku ba zai tafi a banza ba, ta ciki za mu fara ba ta.” Haka kuwa aka yi. Zumar ta koma cikin kununa na safe, man shanun ya koma kan tuwona, lallen kuma aka kwaɓa aka ƙunsa mini a ƙafa don in zauna wuri ɗaya. Baƙin garin ne kawai bai samu aiki ba, Inna ta mayar da shi jakarta tana mita.

Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na waɗannan kwanakin ba. Gidanmu na haya ne, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, kuma kowace yarinya aikinta na safe shi ne ɗebo ruwa daga famfon burtsatse da ke bayan masallaci. Ni kuwa sai in zauna a kujera ’yar tsugunno ina kallon ƙawayena suna shigowa da bokitai a ka, ruwa yana zubo musu a fuska, ina ce musu sannunku da aiki kamar wata uwar gida. An hana ni tsallen igiya da gaɗa, amma an bar mini carafke, har na ƙware na gagari kowa a layinmu. Maƙwabciyarmu Maman Ladi, ’yar Gbagyi ce mai gonar doya da masara a bayan gari, takan dawo da yamma da itace ko ƙwarya a kafaɗa kamar yadda matansu suke yi, ta tsaya ta yi mini tsiya da irin Hausarta: “Walida, tunda kai ba zai ɗauki kaya a kai ba, zo ka zama Gbagyi, ni zai koya maka na kafaɗa.” Sai ta ajiye mini gasasshiyar masara ta wuce tana dariya.

Da aka cire zaren, na tsaya gaban madubin Umma na ga wani jan layi mai ɗan kauri da ɗige-ɗige a gefensa, sai na fashe da kuka. Sista ta ce yanzu ana iya shafa mai don kada wurin ya bushe ya tsage, amma a zaɓi wanda ba turare, ba launi, ba sinadarin bilicin. Ranar Asabar Umma ta riƙe hannuna muka tafi kasuwar Gudu, inda take sayen zare da leshi na ɗinkinta. Muka tsaya a shagon wani Bakano mai kayan shafe-shafe, kwalabe jere har rufi. Yana ganin wuyana ya sauko da wata ’yar roba mai ruwan hoda, ba rubutu a jikinta ko ɗaya, ya buɗe, ƙamshi ya cika shagon. “Hajiya, wannan haɗin maigidana ne, kafin sati ba za ki gane inda aka yanka ba, har fari za ta ƙara.” Ni dai na riga na mutu a kan robar nan. Umma ta shinshina, ta tambaye shi abin da aka zuba a ciki, ya ce sirrin sana’a ne. Ta mayar masa ta ce, “To Malam, abin da ba a faɗin sunansa ba zai hau wuyan ’yata ba.” Ta bi sauran kwalaben tana karanta ƙananan rubutun bayansu a hankali, leɓɓanta suna motsi, duk wanda ta ga an ambaci turare ko hasken fata ta ajiye. A ƙarshe da farin basilin muka fito, da ɗan gyale mai laushi na rufe wuya daga rana. Na kumbura baki har bakin titi, sai da aka saya mini askirim na huce.

Inna ta juya kwalbar basilin a hannunta ta taɓe baki, ta ce wannan ai na kaushin ƙafa ne. Nan ita da Maman Ladi suka haɗa kai, duk da rabin hirarsu da hannu suke yi. Maman Ladi tana yin man kaɗanya da kanta, daga tsintar ’ya’yan har dakan da tafasawar, kuma su biyun sun yi ittifaƙin ba abin da ya kai shi kwantar da tabo. Umma ta rasa yadda za ta yi. Ba ta son saɓa wa suruka, ba ta son saɓa wa asibiti. Sai ta ɗebi kaɗan a gwangwanin madara, ranar da muka koma a duba ni ta ajiye shi a teburin Sista. Sista ta shinshina, ta murza a bayan hannunta, ta yi dariya ta ce ita ma da shi aka raine ta. Ta ce tunda wurin ya haɗe ba laifi, muddin mai tsabta ne ba a gauraya shi da komai ba, amma a fara gwadawa a cikin dantsena a ga ko fatata za ta karɓa. Ta kuma nuna wa Umma yadda za a riƙa murza tabon a hankali da ɗan yatsa, ta ce in aka ga yana tasowa a dawo da ni maza.

Maman Ladi ta sake narkar da man, ta tace shi da sabon farin ƙyalle, ta zuba a kwalbar da Umma ta dafa a ruwan zafi. Aka shafa mini a dantse, ranar nan kuwa na zama abin kallo. Duk wanda ya gifta sai ya ce in miƙo hannu, har mai gidan hayarmu da ya zo duba kwata sai da aka nuna masa. Washegari fata ta kwana lafiya, ba ja ba ƙuraje, Inna ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa. Daga nan ta karɓe aikin, ta ce ba mai taɓa wuyan takwararta sai ita. Safe da yamma takan wanke hannu da sabulu, abin da Umma ta roƙa kuma ta amince, ta ɗora kaina a cinyarta, ta riƙa zagaya tabon da yatsa tana ba ni labarin ƙuruciyar Baba da irin dukan da ya sha a kan satar fita wanka rafi. Basilin ɗin ma bai yi kwantai ba, shi Umma take shafa mini kafin in tafi makaranta, ta ɗaura mini gyalen.

A makaranta na zaci za a yi mini dariya. An yi ɗin, wani yaro ya ce an sa mini zif a wuya, amma kafin tashi na zama tauraruwa. Lokacin tara sai a kewaye ni a gindin dalbejiya, in ɗaga gyale a leƙa, in ba da labarin fitilar ɗakin tiyata da yadda aka ce in ƙirga na yi barci ban kai ko’ina ba. Kullum labarin yana ƙara tsawo. Sannu a hankali jan ya dushe, kaurin ya kwanta, zuwa lokacin da aka fara haƙar sabuwar doya sai wanda ya matso kusa yake ganin siririn layin. Ranar da Umma ta shafa wurin ta ji shi sumul, sai ta shige ɗaki ta daɗe, ta fito idonta jajir tana murmushi. Inna ta koma Katsina tana gaya wa kowa man kaɗanya ne, Umma ta ce haƙurin da aka yi kafin a shafa ne, Baba kuwa ya ce shi direba ne, kowa ya faɗa daidai.

Bara aka yi mini aiki wajen haihuwar ɗana na biyu. Likita ta rubuta mini wani man silikon na kwantar da tabo, na saya a kantin magani mai sanyin na’ura, na karanta abin da ke cikinsa a wayata, tallace-tallacen mayukan goge tabo suna ta faɗo mini ina turewa. Yanzu na san sunan kowane sinadari da aikinsa, abin da Umma ta yi ta lalube da hanci da leɓɓa a kasuwa. Inna ta rasu, gonar Maman Ladi ta zama gidaje, ni kuma ina zaune a bene inda maƙwabta ba su ma san an kwantar da ni ba. Kowace safiya nakan rufe ƙofar banɗaki in murza wurin a hankali kafin yaron ya farka. Wannan tabon ma ya kwanta lafiya, sai dai hannuna kaɗai ya san shi.