Idon Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a rumfa guda, a bakin tasha, tsakanin mai faci da mai wankin takalmi. Teburinsa bai fi faɗin faranti biyu ba. Mutum ne mara yawan magana, ga taurin kai: idan ya ce agogo zai tashi, to sai ya tashi, ko da zai kwana uku a kansa.

Idonsa na hagu ya mutu shekara shida da suka wuce, a hankali, ba ciwo ba ja. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, don a ganinsa mai gyaran agogo da ido ɗaya abin tausayi ne, shi kuwa ya tsani a tausaya masa. Likita ya ce a lallaɓa na daman. Ya ce duk ranar da ya ga haske ya gifta masa kamar walƙiya alhali babu hadari, to na daman ma ya kama hanya.

Wata Laraba bayan isha'i yana tafe gida ta lungun bayan makaranta, sai gari ya yi fari fat. Wani dunƙulen wuta kore ya tsaga sama, ya tarwatse, duhu ya dawo. Ba tsawa, ba gajimare, ba kowa a lungun balle ya tambaya. Ya dafa bango.

Ya tarar da matarsa a ɗaki tana ninke wanki. Ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba, ya kwashe komai ya faɗa mata. Tsoro yake ji, kuma ya faɗi hakan da bakinsa.

Bai rufe baki ba maƙwabciya ta faɗo tsakar gida tana salati. "Kun gani kuwa? Tauraro ya faɗo! Unguwa duk ta fito!"

Mai Agogo ya dubi matarsa. Idon dai lafiya lau, asiri ne ya riga ya fita.

Matar ta ɗora riga a kan 'yan'uwanta, ta shafe ta da tafin hannu.

"Malam ke nan," ta ce. "Shekara shida ina ajiye maka shayi ta hannun dama. Ka ɗauka tsarin ɗakin ne ya canza?"