Tak Mal-sun, Wadda Ta Hana Mu Kunna Inji a Kan Ciyawa

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, muna cikin rumfar ɓare kawa, naman tekun nan mai ɓawo da muke nomawa, aka leƙo aka ce Tak Mal-sun ta cika a asibiti a Tongyeong. Mata suka ajiye wuƙaƙensu. Lokacin haɗa kimci ne, tsimin kabejin da ake tanada don sanyi, kowane gida na neman kawa, ba a taɓa tsayar da aiki a irin wannan mako ba, amma ranar an tsayar. Ni na fita na zauna bayan tulin ɓawo, don ba na so a ga fuskata.

Ban yi makaranta ba, ba a kuma san ni da daɗin baki ba. An ce kowa ya kawo abin da za a karanta a taron ƙungiyar masunta na yau, to ga nawa. 'Yata ce ta rubuta yadda na faɗa, na hana ta gyara ko kalma.

Mal-sun, Maman Gi-tae, kin sani na sani, ba mu rabu da daɗi ba. Tun da aka ba ki shugabancin ƙungiyar ƙauyen nan, kujerar da ta kamace ni, ban huta ba. Kin sa mun cire fararen tulunan kumfa masu riƙe igiyoyin kawa a saman ruwa, wai suna marmashewa kawa na haɗiya. Kin sa mun rage igiyoyi, wai mun cika wa ruwa ciki. Duk na daure. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dokar ciyawa.

Ciyawar tekun nan da ke tsakanin gaɓa da gonakin kawarmu, tun da inji ya shigo ƙauyen nan farfela ke sassabe ta, ba wanda ya ce uffan. Sai masu bincike suka zo suka ce ita da lakar ƙarƙashinta suna shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, in aka bar ta ta yaɗu, wata rana abin da injinanmu ke fitarwa zai yi daidai da abin da ruwanmu ke shanyewa. Kika ɗauki maganar da zafi. Kika ce duk mai ratsa ciyawa ya kashe inji, ya ɗaga farfela, ya tura da gora. Wurin ɗaure jirgina kuwa shi ne can ƙurya. Tafiya da dawowa, ni ne mai turin da ya fi na kowa tsawo.

Na ce miki, "Hayaƙin mutanen Seoul ne zan biya da kafaɗata?"

Kika ce, "Yaya Du-man, bakinka ba ya gajiya, ka ɗan ara wa kafaɗar ƙarfinsa mana."

Shekarar da matata ta rasu kafaɗar ta ƙi ɗaguwa gaba ɗaya. Na roƙe ki izinin kunna inji har in warke, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Kika ƙi. Washegari na iske ki a jirgina da takalman roba, gora a hannu. Duk sanyin shekarar ke kika riƙa tura ni har bayan ciyawa, sannan ki tsallaka jirgin ɗanki. Ina zaune kamar buhun gishiri, mutane na dariya daga gaɓa. Wannan kunyar ban yafe ba. Amma kawata ta fito kasuwa a shekarar, kuma ban kwana da yunwa ba, don kullum sai na tarar da tukunyar miyar ganyen teku a ƙofata, wai ta yi muku yawa.

Da ruwa ya yi zafi kawa ta mutu a igiyoyin mutane da dama, kika raba irin kawar da kika tanada, kika fara da waɗanda suka fi zaginki. Nan ma cewa kika yi ya yi miki yawa. Na san igiyoyinki, na ga yadda suka kwana babu komai.

Yanzu ga abin da ya sa na dage a karanta wannan kafin a ɗaga hannu a yi ƙuri'a. Ko kwana arba'in da tara na makokinki ba su cika ba, na fara jin ƙarar inji a kan ciyawa. Shekaranjiya Bang Yeong-cheol, mai neman kujerarki, ya zo gidana da kwalbar giyar soju. Ya ce yau za a soke dokar, a haƙa hanyar jirgi ta tsakiyar ciyawar.

Ya ce, "Baba, ai kai ka fi kowa shan wuyarta. Kana ɗaga hannu duk tsofaffi za su bi ka."

Na ce, "Kai yaro, shekarun da nake faɗa da ita ni kaɗai, ina kake? Kana can kana sunkuyar da kai kana 'to shugaba, to shugaba'. Yau da ba ta iya ba ka amsa ne ka yi baki? Ɗauki kwalbarka."

Ku ji ni da kyau. Ban taɓa ganin hayaƙi yana shiga ciyawa ba, ba zan kuma ce na gani ba. Abin da na gani shi ne ruwan ya washe har ina hango ƙasa, ƙananan kifaye da ƙaguwa sun dawo inda suka ɓace tun ina saurayi. Ko ciyawa ce ta kawo su, ban sani ba. Amma faɗan nan nawa ne da ita, kuma ba na cin nasara a kan wanda ke kwance. Hannuna ba zai tashi ba. In kuka rinjaye mu, jirgina zai kwana a gicciye a bakin ciyawar, mai haƙa ya fara da ni.

Gi-tae, kai da ƙannenka da jikokinta, ina yi muku ta'aziyya. Haka matan rumfa da ta yi shekaru tana tsayuwa tare da su a cikin sanyi. Allah ya ba ku haƙuri.

Maman Gi-tae, ke mai zuwa coci ce, ni ban san ƙofarsa ba, amma ina roƙon Allahn da kika bauta wa ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ya yafe miki kurakuranki, har da waɗanda kika yi mini. Suna da yawa, amma nawa ne, ba zan bari wani ya rama mini ba. Amin.

Ok Du-man