Sharar da na sa aka yi a gidan kawuna

Akwai wata Talata a rayuwata da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangijina. Shekara tara ke nan, amma duk sa'ad da na tuna ta sai haushin kaina ya taso mini sabo fil.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Da takardar ƙaramar sakandare na shiga aikin ɗan sanda, na yi shekara huɗu ina tsayuwa bakin titi. Sai aka nemi waɗanda za a koya wa aikin binciken wurin da aka yi laifi, wato ɗaukar zanen yatsa, auna sawu, ɗaukar hoto da tattara duk abin da mai laifi ya bari a bayansa. Na ci jarrabawar da ƙyar, aka haɗa ni da wani shef, wato shugaban masu bincike, in yi sitaj, wato koyon aiki, a hannunsa. Dattijo ne marar yawan magana. Kullum abu ɗaya yake nanata mini: kafin mu iso, kada kowa ya taɓa komai. Na haddace wannan kamar karatun allo, ashe a baki kawai ya tsaya.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, mutanen ƙauyenmu da ke arewa da Matankari sun watse zuwa kasuwa, wuta ta cinye rumbuna biyu na kawuna, geron shekara guda. Kafin la'asar gari ya yanke hukunci. Akwai wani makiyayi, magidanci mai 'ya'ya biyar, da suka yi cacar baki da kawuna a lokacin kaka saboda shanunsa sun shiga gonar wake. Aka ce shi ne. Jandarmomi suka tafi da shi, ya rantse bai ko kusanci gari ba ran nan. Mai shari'a ya ce a aika masu bincike su duba wurin, aikin ya faɗo kan shef ɗina.

Da na ji sunan ƙauyen, ya kamata in ce, “Shef, gidanmu ne, ka tafi da wani.” Ban faɗa ba sai da muka hau hanya. Ina son a gan ni na sauko daga motar aiki, riƙe da akwatin kayan bincike. Wani mutum yana tsare, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne yadda gidanmu zai bayyana a idon shugabana, da kashin awaki da tsummokara a kan darni.

Ran Litinin da yamma na kira matar kawuna a salula. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, Inna nake ce mata.

Na ce, “Inna, gobe ina zuwa da shugabana. Babban mutum ne. A gyara gida sosai, kada ku ba ni kunya.”

Ta ce, “To ɗana, har bayan gida? Jandarma ya ce a bar wurin rumbu.”

Na ce, “Toka yake nufi. Ku bar tokar, sauran a share.”

Da bakina na faɗa, ni da aka koya mini. Tunanina bai wuce tabarma da tsakar gida ba.

Mun iso da hantsi. A garinmu in za a yi babban baƙo ba a wasa da shara. Mata sun fito tun da sassafe, sun share daga ƙofar gida har bayan rumbunan, sun yayyafa ruwa, ƙasa ta kwanta lumui da zanen tsintsiya. Tudun toka biyu kawai suka bari a tsakiya, sun kewaye su da duwatsu don ladabi.

Shef ya tsaya yana kallon ƙasar nan. Sannan ya tambayi Inna abin da ta gani kafin a share. Ta ce akwai sawun babur da ya zo ta bayan darni ya juya, da sawun takalmi mai ƙato-ƙaton zane, da wata gorar roba mai warin isansi, wato fetur.

“Ina gorar?”

“Na wanke ta da toka da sabulu. Ga ta can, na zuba man gyaɗa.”

Kawuna ya katse ta. “Ke, mi kika sani ga sawu? Wanda ya yi abin ga yana hannu, mi ake nema kuma?”

Shef bai kula shi ba. Ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa. “Wa ya gaya musu muna zuwa?”

Nan ne na yi abin da ya fi sharar muni. Na ce, “Ban sani ba, shef. Wataƙila jandarmomi.” Don in rufe bakin Inna kuma, sai na hau ta da faɗa a gaban jama'a. Na ce jahilci ne ke kashe mu a ƙauye, na ce an ce a bar wuri amma kunnenku na ƙashi, na ce yanzu ga shi kun ɓata aikin hukuma. Matar da ta goya ni tana tsaye da moɗar ruwan da ta kawo wa baƙo. Ta dube ni sau ɗaya. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta gama da ni, amma sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ku yi haƙuri, laifina ne.”

An yanka mana zakara, shef bai ci ba. Muka ɗauki hoton toka muka juyo. A rapor, wato rahoton aikin, ya rubuta cewa an share wurin kafin isowarmu, babu abin da za a iya dogara da shi. Maganar Inna ba ta shiga ba, don kawuna ya hana ta maimaitawa a rubuce. Makiyayi ya wuce gidan kaso yana jiran shari'a, ni kuma na koma ina goge akwatin kayan aiki, ina ce wa kaina ai wataƙila shi ɗin ne.

Bayan wata uku aka tura ni gidan kason in sabunta katunan zanen yatsa na waɗanda ke tsare. Suna layi, ina kama hannun kowa ina murza yatsunsa a tawada. Da na karanta katin na gaba sai na ga sunan makiyayin nan ne. Dogo ne, ya rame, rawaninsa ya yi dauɗa. Na kama hannunsa, ya dube ni da kyau.

Ya ce, “Kai ne ɗan gidan, ko? An ce kun je kun duba da na'ura. Na yi murna da na ji. Matata ta ce yara sun ga sawun babur. Samari, ni ko hawa babur ban iya ba. Kun gani, ko?”

Na ce, “Kawo ɗayan hannun.”

Ya miƙo. Ya ce, “An sayar da shanu huɗu tun da nake nan. In kun gani, ku faɗa musu da wuri.”

Yatsu goma na murza, ɗaya bayan ɗaya, ban ɗaga kai ba. Da na fito na zauna gindin wata bishiyar bedi, haushi ya cika ni. Ina jin haushin kawuna da ya fi son a riƙe kowa ma da a ce ba a san mai laifi ba. Ina jin haushin garin da ya yanke wa mutum hukunci don shi ba ɗan gari ba ne. Amma duk inda na juya da haushin, kaina yake dawowa, don su ba wanda ya koya musu, ni an koya mini.

Washegari na shiga ofishin shef na faɗa masa komai. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan.

Ya ce, “Sharar ba ta ba ni haushi kamar ƙaryar ba. Da ka faɗa a wurin, da na zaunar da tsohuwar na rubuta abin da ta gani, da na san ba ɓoye wani abu suke yi ba. Wata uku! Kana cin tuwo kana barci?” Ya tura mini takarda da biro. “Rubuta da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa.”

Na rubuta. Aka cire ni daga sitaj, na koma bakin titi shekara biyu kafin a sake karɓata. Inna ta ba da shaidarta duk da faɗan kawuna, wanda ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. Wata guda bayan na rubuta takardar, mai shari'a ya saki makiyayin don babu hujja a kansa. Wanda ya zo da babur kuwa, har yau ba a san shi ba, kuma ba za a sani ba.

Na je na durƙusa gaban Inna. Tana tankaɗe, ba ta daina ba. Ta ce, “Na yafe tun ran nan. Amma ba ni ce na kwana a kaso ba.”

Na nemi makiyayin a rugarsu, na tarar sun tashi. Sai bayan shekara na gan shi a kasuwar dabbobi ta Dogon Dutsi, yana kiwon shanun wani. Na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Na miƙa masa hannu, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya bi shanu.

Yau ina wannan aikin, har ana ba ni sababbi in koya musu. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kuskure a aikinmu ba mu ke biyan sa ba, wani ne can da ba shi da bakin magana. In ka yi shi, ka faɗa nan take, a wurin, a gaban kowa, tun ana iya gyarawa. Kunyar da na guje wa ta minti biyar ce, mutumin nan kuwa ya biya ta da wata huɗu a kulle da garkensa.