Dokin da na yaga wa harshe

Shekarun baya can, ina koyarwa a wata firamare a Gumel, mahaifina ya matsu ya je ya ga wansa a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Baffan nawa ya kwanta ciwo tun damina, duk wanda zai shigo gari sai ya ba shi saƙo a ce wa ƙanensa ya zo. Hanyar kuwa rairayi ce zalla, mota ba ta shiga, Baba kuma ciwon baya ya hana shi hawa babur. Amma ya ce in dai a kan doki ne, a hankali, zai kai. Da ƙuruciyarsa mahayi ne na gaske.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari, na sayo wani matashin doki ja a hannun wani Buzu da ya gangaro daga Damagaram. Da zai miƙo mini igiyar ya ce, "Malam, da ragama kawai ya saba. Bakinsa bai san ƙarfe ba." Na ce na ji. Wallahi ban ji ba, hankalina yana kan yadda 'yan unguwa za su kalle ni in na shigo da doki.

Baba ya zagaya shi, ya shafa wuyansa, ya duba haƙora. Ya ce, "Ka yi sayayya. A bar shi a turke sati biyu ya san muryarmu. Bayan nan ni zan sa masa linzami da kaina, ɗan ƙarami, in shafa zuma a jiki."

Sati biyu ya yi mini nisa. Ni da ko jaki sai an riƙe mini nake hawa, wai ni ne zan rage wa Baba aiki. Ranar Litinin ya fita wajen wani suna, na aro linzami gun abokina, irin ƙaton nan mai zobe da ake sa wa tsofaffin dawakai masu taurin kai. Na ja dokin bayan gari, na cusa masa da ƙarfin tsiya, na haye. Ya fara ja da baya, na fizga. Ya miƙe a ƙafa biyu, na sake fizga, sai ga ni a ƙasa. Yana zabura ya taka igiyar linzamin. Da na kamo shi, jini na zuba har ƙirjinsa, harshen ya tsage kusan rabi.

Da Baba ya dawo, ya buɗe bakin dokin ya duba. Ya jiƙa bagaruwa ya wanke masa bakin. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ba ni ka yi wa ba. Tashi ka dama dusa, ba zai iya tauna harawa ba."

Wata guda da rabi Baba na ba shi dusa ruwa-ruwa da hannunsa. Saƙon Baffa ya zo sau biyu, Baba na cewa a gaya masa yana tafe, saura kaɗan. Na uku da ya zo, rasuwa ce.

A babur muka kai Baba gaisuwa, ɗan acaɓa a gaba, ni a baya na rungume shi, duk ramin da muka faɗa ina jin nishinsa a ƙirjina. Da muka sauka a ƙofar gidan, ya daɗe dafe da bango. Sai ya ce, ba da ni yake ba ma, "Ashe bayan zai iya. Da na sani da tuni na zo."

Dokin ya warke, ya shekara tara a gidanmu, Baba na hawansa zuwa gona. Ni ban ƙara ɗora ƙafa a likkafarsa ba. Mutane suna cewa ajali ne, na kuma yarda. Amma ganawar da ta rage wa tsofaffin nan biyu, ni na ɓarar da ita don son a ce na iya. Har Baba ya bar duniya bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da ma ya zage ni ranar, da yanzu na huta.