Shanun da Na Ce Ɓarayi Sun Kora

Ranar sunan 'yata ta fari, surukina ya taso tun daga rugarsu ta wajen Gwashi ya zo Gummi, ya zauna a bakin tabarma, ya ce jama'a su shaida ya ba jaririya karsana guda. Haka suke yi. A wurin Fulani yaro ba ya tashi hannu wofi. Saniyar da aka ba shi ranar suna tasa ce, ita da duk abin da ta haifa, uba kuwa mai tsaro ne kawai. Ni Bahaushe ne manomin shinkafa, matata ce Bafillata. Na yi godiya, amma a raina ban ɗauki abin da nauyin da suka ɗauke shi ba.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, shi ya sa nake kiranta Uwata. Shekara sha biyar da 'yan watanni ta yi a duniya. Allah ya jiƙanta.

Da surukina ya rasu, sai kiwon karsanar ya koma hannun wani makiyayi da ya taso a gabansa, wanda yarana ke kira Baffa. Kowace kaka, in mun gama sussuka, sai in ɗora Uwata a bayan babur mu tafi ganin dukiyarta. A lokacin hanya lafiya lau, abin tsoro sai yashi da ƙaya. Tun daga nesa Baffa zai ɗaga sanda.

"Kaɗo, ka kawo min ɗiyata ko ka taho shan nono kyauta?"

"Nonon shanunmu dai," in ce masa.

"Naku? Kai da wa? Ko wutsiya ba ka da a garken ga."

Ita kuwa ta riga ta dire, ta shige cikin shanu ba tsoro. Akwai wata fara mai guntun ƙaho, 'yar karsanar farko, da ke biyo ta tana lasar gyalenta. Nan muke wuni a gindin tsamiya, a dama mana fura da kindirmo mai sanyi, ta koyi tatsa, saniya ta yi fatali da ƙwarya, kowa ya yi ta dariya. Da la'asar mu kamo hanya tana gyangyaɗi a bayana, tana warin hayaƙi da man shanu. Ban san na taɓa jin daɗin duniya kamar waɗannan ranaku ba.

Daga baya daji ya lalace, muka daina zuwa. Shanun sun kai biyar. A shekarar ne na ga maƙwabtana a fadama sun sayi injin ban ruwa suna noman rani, ni ina kallo. Na je wurin Baffa ni kaɗai na ce zan ɗauki shanun.

"Malam, ta sani?"

"Yarinya ce."

"Innarta hwa?"

Na ce ya rufa min asiri, in na girbe shinkafa zan mayar da su har da ƙari. Ya ce shi ba zai kai magana gidana ba. Na kora su wata kasuwa can wajen Anka inda ba a san ni ba, har da farar. A gida na ce wani aboki ne ya taimaka min da injin. Daminar nan gulbi ya cika ya shafe gonar. Abin da na samu a rani kuma bai wuce na ci ba. Shekara uku ina cewa baɗi.

Ciwon ya fara da zazzaɓi da ba ya jin magani. Ta ɗashe, dasashinta na jini in ta yi asuwaki, ta daina iya ɗauko ruwa. Muka ce shawara ce, muka yi ta jiƙa sassaƙe. Sai da ta faɗi a makaranta aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Can likita ya zaunar da ni ya ce sankarar jini ce, maganinta kuma ba na sha yanzu a warke gobe ba ne. Ƙarin jini, allurai cikin ruwa, gwaji bayan gwaji, wata da watanni.

Buhunan shinkafa suka tafi. Awakin innarta suka bi, sannan keken ɗinkinta da kwanonin jerenta. Injin kuwa na bar shi hannun ƙanena yana aiki, ina gaya wa kaina shi ne abincin sauran yara.

Wata safiya muna zaune a barandar asibiti, an rubuto sabon magani, innarta ta ce, "Malam, a aika ma Baffa shi kai shanunta kasuwa. Don rana irin wagga anka ba ta su."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ai ɓarayi sun kora su tun bara. Na ɓoye muku ne don kada hankalinku ya tashi."

Ban sha wahalar ƙirƙira ba. Magana ce da ake ji kowane mako a ƙasarmu, ba wanda zai ce a kawo shaida. Ta yi salati ta share hawaye. Da aka gaya wa Uwata, abin da ta tambaya kawai shi ne, "Har da farar?" Na ce har da ita.

Abin da ban yi tunani ba shi ne magana tana da ƙafa. 'Yan dubiya suka kai ta gida. Mutane suka fara cewa, yaya aka yi ɓarayi suka tsince shanun amana suka bar wa Baffa nasa? A zamanin nan, a ce Bafillace ya san ɓarayi ba ƙaramar magana ba ce, tana iya cin ran mutum. Aka daina amsa sallamarsa a kara, inda ake cinikin dabbobi. Matarsa ta riƙa komawa da nononta ba a taya ba.

Wata ranar Laraba da azahar sai ga shi a ƙofar ɗakin majinyata, da malfarsa da sandarsa da galan na kindirmo. Malamar asibiti ta ce ba za a ba ta ba, jikinta ba ya ɗaukar abin da ba a dafa ba. Ya tsaya yana kallon yarinyar, gashi ya zube, ta ɗaura ɗankwali a kan ƙoƙon kai.

"Baffa," in ji ta, "sannu da asara. Ba su dai taɓa ka ba ko?"

Ya dube ni, ya dube ta. "Ba su taɓa ni ba, ɗiyata."

Ya kira ni waje. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, na riƙe maka shekara uku. Yanzu ɗiyana ba su iya shiga gari. Ni ba ni tona ka gaban mara lahiya. Amma ka san abin da kay yi." Ya ajiye galan ɗin ya ce a ba masu jinya, ya tafi.

Na zagaya asibitin nan ban san sau nawa ba kafin in koma. Na durƙusa a gefen gadon, gaban innarta da matan da ke jinyar nasu, na faɗi komai. Innarta ta tashi ta fita, kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Uwata tana kallon ruwan da ke ɗiga cikin hannunta. Can ta ce, "Ashe injin ga da ke hana mu barcin rana nawa ne."

"Naki ne, Uwata."

"To a saishe shi. Ni ban son ƙaratai dama." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Na yahe maka, Baba. Amma ka tahi kara ka hwaɗi gaban mutane. Ba a ɗaki za ka hwaɗa ma Baffa ba."

Ƙanena ya sayar da injin, aka ci gaba da magani. Ranar kasuwa na sauka Gummi, na tsaya a tsakiyar kara, gaban dillalai da mahauta da mutanen da na girma tare da su, na ce ni na sayar da shanun 'yata, ni na yi ƙarya, Baffa bai ci amanar kowa ba. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wani daga baya ya ce nawa Fulani suka biya ni. Baffa yana jingine da sandarsa. Na je na kama hannunsa na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya ba yarinya lafiya, ya janye hannunsa a hankali.

Ta rasu farkon damina. Baffa ya zo ta'aziyya, ya zauna can bakin tabarma, ya tafi kafin a kawo abinci. Da kaka ya kwashe iyalinsa da garkensa ya yi kudu. Har yanzu in na ga baƙin makiyaya a kara nakan kwatanta musu shi, ban samu wanda ya san inda ya sauka ba.