Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Tun da aka kafa duniya ba a ƙera makamin da ya kai sunkuyar da kai ɓarna ba. Ni shaida ce. A shekarun da kuɗin mai ya cika hanyoyinmu da sababbin motoci, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, ina ji da kaina don na iya gyara jimlar kowa. Mijina direba ne, yana jigila zuwa Gwaram, yana haɗiyar ƙwayar hana barci da ya raɗa wa suna maganin gajiya. In ya sha, ya yini yana zuba, ido jajur. In ta sake shi, ɗanmu na fari ne ke shan duka. Ranar da ya manta yaron a kasuwar Sara, har sai da wani mai shanu ya kawo shi gida, na nemi saki, na samu.

Saura maganar riƙo. Ya zo gaban alƙali cikin farar riga, ya sha abarsa tun da safe, ya yi ta kwararo zance kan haƙƙin uba. 'Yan kallo na gyaɗa kai, wai mutumin akwai fasaha. Fasahar da ake sayarwa a ƙulle a bayan tasha. Da aka juyo kaina, alƙali ya tambaya ko ina son yaron ya zauna wurina. Kawunnaina na zaune. Mu kuwa an tashe mu a kan cewa 'yar mutunci ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna so a bainar jama'a. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ina ruwana da shi?" Babu tsohuwar da ba ta san ma'anar wannan magana ba. Shi kuwa, da rawaninsa da tulin littattafansa, ya ɗauke ta yadda ta fito. Ya ba uban yaron, ni kuma in riƙa ganinsa da salla. Kawunnaina har yabona suka yi a hanya. Da na koma kotun daga baya, aka ce ai da bakina na faɗa.

Abin da na koya shi ne kotu ba ta fassara kunya. 'Yan'uwana mata, in mashayi ya nemi ɗanku, ku ɗaga kai ku faɗi sunan yaron da sunan ƙwayar, dattawa su yi fushi su gaji. Nawa dai ya rayu, kunne ɗaya ba ya ji. Ya tashi da ladabi ƙwarai. In muka haɗu, Malama yake ce mini.