Baba yana jira a bakin ƙofa

Salamu alaikum. Masu cewa Sani ya yi kuɗi ya ɓuya, ku yafe ni, barci ne ya ɓuya mini.

Tun ina yaro kafaɗata ke fizga da kanta, maƙogwarona yana "hm-hm" ba da izinina ba. Duk unguwarmu ta Nkembo an san ni da shi. Na saba.

Bara ne abin ya canza. In na kwanta sai fizgar ta ƙaru, idona biyu har zakara ya yi cara. Daf da asuba barci zai zo ya danne ni, sai azahar.

Da rana kuwa kamar cikin ruwa nake tafiya. Ina auna wa wata mata shinkafa a shago, muryarta na zuwa daga nesa, sai in ga teku ta shigo layinmu a hankali, har da jiragen kamun kifi. In farka da gwangwani a hannu.

Baba ya makance, ni ke kai shi masallaci da asuba. Ya daina samun jam'i. Inna ta ce kullum sai ya yi alwala ya zauna bakin ƙofa da sandarsa, ya hana a tashe ni. Wallahi ranar na yi kuka.

A asibiti aka ɗebi jini, aka manna mini wayoyi a ka, cinikin sati ya tafi. Tsorona kar a ce ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Likitar ta ce, "Tik ake ce wa fizgar nan, ba hauka ba ne. Masu shi da yawa agogon jikinsu baya yake yi. Bar shan shayin ataya da yamma, ga ƙwaya. Amma babban maganin hasken safiya."

Ni da ke toshe taga da kwali!

Da farko sai Inna ta yayyafa mini ruwa nake tashi. Bayan salla mu zauna a benci ni da Baba, yana lazimi, ina kallon rana tana hawa kan kwanon gidaje. Sannu a hankali barci ya dawo bayan isha'i.

Alhamdu lillahi. Na gode wa duk wanda ya tambaye ni. Mai irin ciwona, kar ka ce lalaci ne, je ka ga likita, ka buɗe taga.

Jiya a bencin na ce, "Baba, likita ta ce 'hm-hm' ɗin dai ba zai tafi ba."

Ya lalubo kafaɗata ya dafa. "Gara haka. In ya tafi, da me zan gane ka a sahu?"